Wa Ke Riƙe da Makullin Suwic?

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, saboda haka ku yi mini uzuri in wuce kai tsaye ga mas'alar da ta tara mu.

Ba sai na ɓata muku lokaci da bayanin mene ne suwic ba, domin babu wanda ke zaune a nan da bai taɓa ɗaura shi a maɗaurinsa ba, ya jona masa wayoyi, ya tsaya yana kallon 'yan fitilunsa suna ƙyaftawa. Abin da nake so mu yi bahasi a kai shi ne ƙofar da mai gudanarwa yake bi ya shiga cikin na'urar ya ba ta umarni, wadda duk wanda ya mallake ta ya mallaki abin da ke ratsa wayoyin nan, tun daga sakamakon jarrabawar ɗalibai har ya zuwa takardun albashi. Da'awata kuwa, wadda na daɗe ina yi har wasu abokan aikina sun gaji da ji, ita ce galibinmu sai a ƙarshen aiki muke saita wannan ƙofa, cikin gaggawa, ana shirin tashi, alhali kuwa da ita ya wajaba a fara tun kafin a jona waya ta biyu.

Mu fara da Telnet, wanda har yau nake tarar da shi a buɗe a ƙofa mai lamba 23 a wuraren da bai kamata ba. Tun shekarar 1969 aka ƙirƙiro shi, zamanin da hanyar sadarwar gaba ɗayanta 'yan na'urori ne a hannun masana da suka san juna, don haka bai damu da rufa asirin kowa ba: duk harafin da ka buga, har da kalmar sirri, haka yake tafiya a fili a kan waya, mai saurare kuwa ya karanta abinsa. A 1995 wani mai bincike a Jami'ar Fasaha ta Helsinki da ke Finlan, Tatu Ylönen, ya rubuta SSH, wanda ke rufa asirin abin da ke tafiya a kan waya, kuma abin da ya sa shi rubutawa shi ne an kama wani shiri da aka dasa a layin jami'arsu yana tsintar kalmomin sirrin mutane. Ku lura da kyau, a jami'a abin ya faru. Saboda haka masu ce mini layinmu na cikin gida ne, babu baƙon da zai kai gare shi, ina tunatar da su cewa ɗalibin aji biyu da ya sauke Wireshark, shirin sauraren layi, jiya da dare ɗan cikin gida ne, kuma ba ya bukatar izinin kowa.

Amma hujjar da na fi dogara da ita, wadda ba zan gaji da maimaitawa ba, ita ce fitinar Mirai ta 2016. Wannan shiri ba shi da wata hikima mai zurfi, kuma a nan ne abin kunyar yake. Yana zagaya intanet ne kawai yana ƙwanƙwasa ƙofa ta 23 da ta 2323, idan an amsa masa sai ya jarraba sunaye da kalmomin sirri kamar guda sittin, irin waɗanda kamfanoni ke sa wa na'ura tun daga masana'anta, su admin da admin, su root da 123456, waɗanda masu na'urorin suka yi gafala ba su taɓa sauyawa ba. Da wannan ɗan gajeren jeri kaɗai ya kame na'urori kimanin dubu 600 lokacin da ya yi ƙamari. Ranar 21 ga Oktoban 2016 aka juya rundunar nan kan kamfanin Dyn na Amurka, sai ga Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka sun gagari jama'a da dama shiga. Bayan haka kaɗan aka yi amfani da wani reshensa a kan kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, har wata kotu a Ingila ta ɗaure Baturen da ya aikata, Daniel Kaye, a farkon 2019. Waɗanda suka rubuta ainihin shirin kuwa, da asirinsu ya tonu, sai aka ga samari ne uku 'yan Amurka, suka kuma amsa laifinsu a ƙarshen 2017. Babu wata gwamnati a bayansu, babu dukiya mai yawa. Sakacin masu na'urori ne jarinsu, ba wani abu ba.

Na san za a ce ai kyamarori ne da na'urorin gida Mirai ya kame, ba suwic na ma'aikata ba. Haka ne, amma a watan Afrilu na 2018 suwic ɗin Cisco ne aka afka wa a Iran da Rasha ta hanyar Smart Install, wanda aka bari a buɗe a ƙofa ta 4786, aka goge saitinsu aka bar musu hoton tutar Amurka. A Oktoban 2023 kuma ta shafin gudanarwa na IOS XE aka shiga dubban na'urori. Wannan ya isa amsa.

Akwai kuma wata al'ada da ta fi Telnet ci mini tuwo a ƙwarya, ita ce kalmar sirri guda ga ma'aikata duka. Na ga ɗakin na'urori inda aka rubuta ta da biro a kan guntun takarda aka manna a cikin murfin akwatin, ta yi shekaru har takardar ta yi ja, kuma ɗan kwangilar da ya kafa na'urorin ne ya zaɓe ta, shi da yaransa duk sun san ta, masu bautar ƙasa da suka zo suka wuce su ma sun tafi da ita a ka. Malaman hadisi ba su karɓar ruwayar da isnadinta ya yanke, domin ba a san wanda za a tuhuma ba. To, ranar da aka wayi gari an sauya saiti, rajistar na'ura kuma ta ce admin ne ya yi, mutum goma kuwa ke amsa wannan suna, wa za a kama? A nan alhakin hukumomi ne kafin na injiniyoyi, domin su ke sa hannu a biya ɗan kwangila ba tare da sun tambayi makullin ba, su ne kuma ke ganin sayen sabar TACACS+ ko RADIUS, mai tantance kowane ma'aikaci da sunansa, almubazzaranci ne, ko da yake akwai irinsu na kyauta.

Abin da nake kira gare shi bai sauya ba. A shiga sabon suwic ta ƙofar konsol, da wayar nan mai ruwan bula, a gama kulle shi kafin ya ga layi. A rufe Telnet, a bar SSH siga ta 2 kaɗai, a kashe shafin gudanarwa da Smart Install matuƙar ba a bukatarsu. A ware wa gudanarwa VLAN nata, a fitar da ita daga VLAN 1, a kuma iyakance adireshin da aka yarda su ƙwanƙwasa. Kowane ma'aikaci da sunansa da kalmarsa, ranar da ya bar aiki a soke. A yi amfani da enable secret, domin ɓoyewar nau'i na 7 yaro ma yana warware ta cikin daƙiƙa, a kuma daina barin public da private a SNMP. Waɗannan duka farilla ne a wurina, babu nafila a cikinsu. Sannan a adana saitin kafin a tashi, tun da mun san halin wutarmu, kada a ɗauke ta da la'asar na'ura ta farka ta koma yadda aka tarar da ita.

Ga shugabannin da ke zaune a sahun gaba kuma, roƙona guda ne: a rubuta cikin sharuɗɗan kowace kwangila cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai injiniyanmu ya zauna gaban ɗan kwangila, ya goge asusunsa da hannunsa, ya gwada ƙofa ta 23 ya tarar da ita a rufe.