KIFIN DA KE RAIRAYE YASHI: JAWABI A TARON TSOFAFFIN ƊALIBAI



An nemi kowannenmu ya faɗi abin da yake yi bayan tashi daga ofis. Ni dai kifin teku nake kiwo a cikin akwatin gilashi, tare da murjani mai rai. Yau zan yi magana ne a kan kifi ɗaya daga dangin da ake kira gobi. Malamanmu na kimiyya za su so jin sunansa na boko, wato Valenciennea puellaris. Fari ne mai ɗigo-ɗigon ruwan lemo, tsawonsa kan kusa taƙi guda. Ana samunsa a tekun Indiya da na Fasifik, har da Bahar Maliya, wadda Jidda ke bakinta.

Aikinsa daga safe har yamma shi ne ya cika bakinsa da yashi, ya tace ƙananan tsutsotsi da ƙwarin ruwa ya haɗiye, sa'an nan ya fitar da yashin ta kafofin numfashinsa da ke gefen kai, kamar mace mai tankaɗe. Saboda haka ne masu kiwo ke rububinsa, don yakan bar yashin akwati fari fat.

To, a nan gizo ke saƙa. Mai saye yana ganin ya sami ɗan shara, alhali kifin abinci yake nema. A teku fili gare shi mai yawa. A akwati kuwa, cikin 'yan makonni ko watanni sai ya cinye duk abin da ke cikin yashin. Ya ci gaba da rairaya, mai gida yana yaba ƙwazonsa, shi kuwa cikinsa yana shafewa har ya mutu. Yunwa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe irin wannan kifi a hannun masu kiwo.

Maganin abin shi ne haƙuri. Kada a sa shi a sabon akwati. A jira kamar wata 6, har yashin ya tara 'yan halittun da zai ci. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Akwatin ya kai lita 200 ko fiye, yashin ya zama mai laushi, kaurinsa kamar santimita 5, domin tsakuwa tana yi masa rauni a baki. Duk da haka sai an riƙa ba shi ƙananan jatan lande, a ajiye a kan yashi kusa da raminsa, sau biyu a rana. A riƙa duba cikinsa, ba farin yashi kaɗai ba.

Akwai sauran hattara. Yana haƙa rami a ƙarƙashin duwatsu, don haka a fara ɗora duwatsun a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, kada su rufta masa. Yana watsa yashi a kan murjani, sai a ɗaga murjanin sama. Idan ya firgita yakan yi tsalle ya faɗo waje, murfi ya zama dole. Gishirin ruwan kamar giram 35 ne a kowace lita, kuma na teku ne da ake sayarwa musamman, ba na miya ba. Zafin ruwan kada ya yi nisa da digiri 25. Wanda ya san zafin bazararmu da ɗaukewar wuta, ya tanadi na'urar sanyaya ruwa da batir tun kafin ya sayi kifi.

'Yan'uwa, yawancin waɗannan kifaye daga teku aka kamo su, suka yi doguwar tafiya kafin su iso hannunmu. Wanda ba zai iya ciyar da shi ba, ya bar shi a kanti, ya share yashinsa da kansa. Mu ma'aikata mun fi kowa sanin cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya.