Jawabin Sakataren Ƙungiya a Taron Wata: Haƙƙinka Idan Aka Sayar Maka da Babur Mai Aibi

 

An hana hawan babur a nan Potiskum a 2012 saboda rashin tsaro, sai daga baya gwamnatin Jihar Yobe ta ɗage takunkumin. Tun daga lokacin magidanta da yawa cikinmu suka koma saye, wasu ma bashi suka ci. Kwanan baya wani ɗan ƙungiyar nan ya sayi sabon babur, bai cika wata biyu ba wilin baya ya tsage yana kan hanya. Allah ya tsare, karaya kawai ya samu. Da na ce ya koma wurin dila, sai ya ce: "Malam, ni baƙo ne a garin nan, wa zai saurare ni?" Wannan maganar ce ta tsayar da ni gabanku yau.

A ƙasashen waje, idan kamfani ya gano aibi a abin hawa, kiran masu shi yake yi su dawo da shi a gyara kyauta. A 2015 kamfanin BMW na Jamus ya yi wa babura fiye da 300,000 irin wannan kira, saboda ƙarfen da ke riƙe wilin baya yana iya tsagewa idan an ɗaure noti fiye da ƙima. A 2022 Toyota ta janye sabbin motocinta masu aiki da lantarki kusan 2,700, don gudun kada taya ta fice ana tafiya.

To, mu ma muna da doka. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai ƙera kaya ko mai rarraba su ya sanar da jama'a kuma ya janye kayan da zarar ya gano haɗari a cikinsu. Ta kuma ba ka wata 3 daga ranar da ka karɓi kaya ka mayar da su idan suna da aibi, a gyara, ko a sauya, ko a dawo maka da kuɗinka. Jama'a, babu inda dokar ta tambayi takardar asalinka. Ɗan Katsina ne kai ko ɗan Zazzau, haƙƙinka ɗaya da na kowa.

Amma haƙƙi ba ya tsayawa sai da shaida. Don haka ina roƙonmu abu uku. Na farko, kada ka bar shago sai da rasit mai ɗauke da kwanan wata, lambar inji da lambar jikin babur. Na biyu, ka je da bakanike ya juya wili, ya duba boris da noti. A jikin taya akwai lambobi huɗu: 1223 na nufin mako na 12 a shekarar 2023. Na uku, idan ƙarfe ya tsage, kada ka kai a yi masa walda. Ɗauki hotonsa, ka adana shi, domin shi ne shaidarka.

Wanda bai iya karatu ba ya kawo takardunsa ajin yaƙi da jahilci, mu duba tare, mu rubuta masa ƙorafi. Idan dila ya ƙi, sai mu kai ƙara ga hukumar.

Mun yi imani da ƙaddara, amma rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya. Wassalamu alaikum.