Cutar da ake kwasowa a gadon asibiti: jawabin kwamitin lafiya a taron cika shekara



Kwamitin lafiya aka ba minti goma, kuma za mu kashe su ne a kan ciwon da mutum bai je asibiti da shi ba, amma ya dawo gida da shi. Kun san irinsa: an yi wa mace aiki an ciro jariri lafiya, bayan kwana huɗu ɗinkin ya fara ruwa, ga zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, cikin majinyata 100 da aka kwantar, kusan 15 na kamuwa da irin wannan, kuma ɗaya cikin 10 na waɗanda suka kamu ba ya tashi.

Da korona ta shigo Najeriya a Fabrairun 2020, ta iso Kano a Afrilu, kowa ya ɗauka wannan matsala za ta ragu. Ai ga bokiti da sabulu a ƙofar kowane asibiti, ga takunkumi, ga safar hannu. To, a Amurka, inda suke ƙirga komai, abin da aka gani daban ne. Hukumar CDC ta can ta gano cewa a watanni uku na ƙarshen 2020, cutar jini da ke shiga ta robar da ake zurawa a babbar jijiya ta ƙaru da kashi 47 cikin 100 a kan na irin wannan lokaci a 2019. Masu bincike na Jami'ar Duke kuma suka ga hauhawar ta fi muni a ƙananan asibitocin gari fiye da asibitocin koyarwa.

Me ya kawo haka? Hannu ya yi kaɗan. Ma'aikata sun kwanta ciwo, an kwashe wasu zuwa sashen korona, nas ɗaya ta koma riƙe aikin mutum uku. Robar fitsarin da ya kamata a cire yau sai ta ƙara kwana biyu, don ba mai lokacin dubawa. Ita kuwa safar hannu, mai sanye da ita take karewa. In ba a canja ta daga gado zuwa gado ba, ita ce ma mai yawo da cutar. Babban asibiti yana da ma'aikatan da aikinsu kenan, sa ido kan tsafta. Ƙarami sau da yawa mutum ɗaya ne, shi ma an ɗora masa wani aikin. Wannan a Amurka fa kenan, inda famfo ba ya ɗauke ruwa. Ku auna da asibitin da mai jinya ce ke sayo ruwa wurin mai garuwa.

A nan maganar ta zo kanmu, domin a asibitocinmu mu ne masu jinya. Mu ke kwana a tabarma gefen gado, mu zubar da fo, mu ba da kunu, mu juya mara lafiya. Saboda haka a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi da bayan an taɓa, ba a tsoma hannu a kwano ɗaya ba. In wurin allurar ƙarin ruwa ya yi ja ko ya kumbura, a gaya wa nas nan take. Robar fitsari kuwa a riƙa tambaya kullum, cikin ladabi: Sista, har yanzu ana bukatarta? Jakar kada ta taɓa ƙasa, kada kuma a ɗaga ta sama da mara. Sannan dubiyar nan ta mutum goma sha biyar a kan gado ɗaya, da jarirai a goye, don Allah a rage. Mun san zumunci ne, amma a jira ta dawo gida.

Bokitan da aka jera a 2020 yawancinsu sun bushe tuni. Tunda muna haɗa sabulun ruwa, kwamiti na ba da shawarar a ware jarka biyu duk wata a kai ɗakin haihuwa na asibitin unguwarmu, a cire kuɗin daga riba. Ma'aji za ta karanto lissafin bayan an ci abinci, sai a ɗaga hannu.