Malaman Sikawa Goma da Littafinsu

Wanda kakansa ya je yaƙin Burma, tsakanin 1943 da 1945, watakila ya taɓa jin labarin waɗansu sojan Indiya masu rawani da ƙasumba, waɗanda ba su aski. Wanda ya hango su daga nesa sai ya ce malamanmu ne. To, ba Musulmi ba ne, ba kuwa Hindu ba. Sunansu Sik, watau almajiri. Malamin da su ke bi kuwa, Guru su ke ce da shi.

Na farkonsu Guru Nanak, an haife shi a ƙasar Panjab cikin 1469, ya rasu cikin 1539. Ya koya wa mutane Allah ɗaya ne, ba a haife shi ba, ba shi mutuwa. Saboda haka kada wani ya ce muku Sikawa sun ɗauki Nanak Allah. Amma kuma ba su ɗauke shi kamar malamin unguwa ba, wanda in ya mutu sai a nemi wani. Ga yadda su ke faɗi.

Kun san in magariba ta yi, fitilarka ba wuta, sai ka aiki yaro gidan maƙwabci ya kunno. Fitila biyu ke nan, amma wutar fa? Ita ce dai ta farko. Haka Sikawa su ke cewa: haske guda ne Allah ya sa ga Nanak, shi ne ya yi ta ƙaura daga jiki zuwa jiki har mutum goma.

Nanak yana da 'ya'ya biyu maza, amma ya tsallake su, ya zaɓi wani almajirinsa mai suna Lehna, ya sa masa suna Angad, watau gaɓar jikina. Ku duba wannan kuma, don ni a ganina shi ya fi kome nuna abin da ke zuciyarsu: magadansa da suka yi waƙoƙin addini ba su rufe su da sunan kansu ba, kowa sai ya sa Nanak. Na takwas ma, Har Krishan, yana ɗan shekara biyar aka naɗa shi cikin 1661, dattawa suka rusuna masa. A wurinsu hasken ba shi tsufa, ba shi ƙuruciya.

Na goma, Gobind Singh, da ajalinsa ya matso cikin 1708, bai naɗa kowa ba. Sai ya ce daga ran nan Littafinsu shi ne Guru. Sunansa Guru Granth Sahib, shafinsa 1430. Guru na biyar, Arjan, shi ya fara tara shi cikin 1604, har ya sa baitocin wani sufi Musulmi a ciki, Shaihu Farid.

In kun shiga ɗakin ibadarsu, sai ku tuɓe takalmi, ku rufe kai. Za ku tarar da Littafin bisa karaga, da rumfa a kansa, wani yana yi masa fifita kamar yadda a ke yi wa sarki. Da dare a kai shi ɗakinsa. Da asuba a ɗauko shi bisa kai, a buɗe inda ya buɗu, a karanta wa jama'a. Abin da aka karanta shi ne umurnin Guru na wannan rana. Hukam su ke ce da shi, asalinsa ɗaya da kalmarmu ta hukunci.