Magini Ma Yana Da Zuciya: Jawabin Yaye Ɗaliban Gini a Filinge

 

Matasan da ake yayewa yau sun iya ɗaurin rodi, sun san yawan yashin da buhun siminti ke ɗauka. Gobe wasu za su bi ta Balleyara su sauka Yamai, wasu sai Abijan ko Libiya. Abin da takardar shaida ba ta faɗa musu ba shi ne nauyin shantiye: zafin Afrilu mai haura digiri 40, kuɗin aiki da kullum ake cewa "sai an biya ɗan kwangila", da waya daga gida tsakar dare, rumbu ya ƙare. Ga kuma tsoro. A Janairun 2020 aka sa Filinge cikin dokar ta-ɓaci, mai aikin hanya yana haƙa yana waiwayen daji.

Wannan nauyi ba baƙo ba ne a ƙasar Kurfai, wato yankinmu na Filinge. A 1925, zamanin aikin tilas na Faransawa, wata mata mai suna Shibo ta ƙauyen Shikal ta jagoranci ƴan borin Babule, har hukuma ta kama su. Shekara talatin bayan haka mai shirya fim Jean Rouch ya fito da fim ɗinsa Les Maîtres fous, kan ƴan ci-ranin Nijar a Akara: ranar Lahadi suna irin wannan bori, washegari suna haƙa rami a gaban asibitin masu taɓin hankali, suna murmushi. Ko mutum ya yi tir da bori, leburorin nan sauƙin zuciya suke nema. Jikokinsu a tramol suke nemansa, a jefa a kofin shayi a hau bene, daga nan sai farfaɗiya ko faɗuwa.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ce damuwa da fargaba na cinye ranakun aiki biliyan 12 duk shekara. A Ostareliya, tun 2008 shirin MATES in Construction ke koya wa magina lura da junansu. Ba ya buƙatar injin ko kuɗi masu yawa. Wanda ya ga abokin kwaɓinsa ya daina raha, ya daina cin abinci, sai ya ja shi gefe ya ce, "Ɗan'uwa, lafiya kuwa?"

Shugaban leburori ne farkon mai gani, tun kafin likita. Ciwon damuwa kuwa yana da magani kamar zazzaɓin cizon sauro, kuma babban asibitin Yamai na da sashen masu wannan lalura.

Ƴan kwangila, dokar ƙwadago ta 2012 awa 40 ta yanka a mako. A kiyaye ta, a kafa rumfa da randar ruwa, a biya yaran nan haƙƙinsu ranar da aka yi alkawari. Iyaye kuma, in sun kira waya, a fara tambayar lafiyarsu kafin saƙon kuɗi.