Gawon Gona na Mai Gona Ne

Jawabin da aka gabatar a taron manoma a Dungas

 

Dattawan da ke cikin wannan rumfa sun ga farin 1973 da na 1984. Sun san lokacin da gonakinmu suka zama fayau, iska ta riƙa binne shuka har sai an maimaita ta sau biyu ko uku. A wancan zamani doka ta ce icce na gwamnati ne, shi ya sa manomi kan sassabe tsiro tun yana ƙarami don kada ya girma ya jawo masa tara. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba?

Yau ku dubi hanyar Magarya. Gawon da kuke gani ba wani furoje ya dasa shi ba. Saiwoyi da iri suna nan cikin ƙasa. Iyayenmu suka bar tsiron, suka yi masa aski, abin da ake kira sassabin zamani. A 2006 masu bincike, cikinsu har da Mahaman Larwanu, suka kimanta cewa itatuwa sun dawo a wajen eka miliyan ɗaya, irin eka ta Faransa, a Magarya da Matamaye da Mirriya. Kun fi ni sanin halin gawo: yana kaɗe ganye da damina, gero ya sha rana da taki, da rani ya ba dabba inuwa da ƴaƴa, kurciya ta sami wurin sheƙa. Ana ma ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya yi hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare shi.

Abin da ke damuna shi ne mai gatarin dare, wanda ke kada iccen shekara ashirin don kuɗin kasuwa ɗaya. Idan mai gona ya kai ƙara bai ga sakamako ba, baɗi ba zai bar tsiro ba. A 2020 gwamnati ta sa hannu a kan dokar da ta amince cewa iccen da manomi ya rena nasa ne. Mutum nawa a nan aka taɓa karanta wa ita? Ina roƙon hukuma da sarakuna a fassara ta da Hausa, a karanta a rediyo da ƙofar kowane mai gari kafin sharar gona ta bana.