Jawabin Wata 'Yar Ƙungiya Kan Firgicin Da Ya Ƙi Wucewa

 

Ni dai kun san ni da kwanon awo a kasuwa. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu, in na yi tuntuɓe a karatun takardar nan ku yi mini uzuri.

A ambaliyar 2022 katangar ɗakina ta faɗi cikin dare. Da ƙyar na fito da yara. Ruwa ya janye, muka sake gini, amma ni ban dawo daidai ba. Hadari na haɗuwa sai gabana ya hau faɗuwa. In na rufe ido, ƙarar faɗuwar katangar nake ji. Na daina kwana a ɗaki, yara kuwa abu kaɗan na daka musu tsawa. Wasu suka ce iska ce. Aka yi rubutun sha, aka yi hayaƙi, ni kuma na koma sayen ƙwayar barci a kemis.

Da gobarar tankar mai ta auku a Majiya cikin Oktoban 2024, mutum fiye da 150 suka rasu, sai abin ya dawo mini sabo, alhali ban ma je wurin ba. Ƙanena ne ya matsa, ya kai ni asibiti.

Likita ta ce ciwo ne sananne, yana kama wanda ya ga tashin hankali. In firgici ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa, a nemi magani. Babban maganin, abin mamaki, magana ce. Za ki zauna da ma'aikaciyar da aka horar, mako-mako, ki riƙa ba da labarin daren nan kaɗan-kaɗan har zuciya ta daina zabura. Ta koya mini jan numfashi a hankali. Ta sa na fara zama a ɗaki minti biyar in ana yayyafi, daga nan goma. Zama na uku na sha kuka har na ce ba zan koma ba. Na koma. Wasu ana haɗa musu da ƙwaya, amma wadda likita ya rubuta; ta barcin nan cewa ta yi in rabu da ita sannu a hankali, don kama jiki take. Addu'a kuwa ba wanda ya ce in bari.

Ana duba irin wannan a asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, da na Dawanau, da Asibitin Malam Aminu Kano. Na san sunan Dawanau kaɗai yana tsorata mu. Ki fara da asibitin kusa, ki faɗi gaskiyar abin da kike ji, su za su tura ki.

Abin da ya fi ba ni wuya kuɗin mota ne. Don haka Uwar ƙungiya, ina roƙo a ware wani abu daga asusunmu saboda wannan, kuma duk wadda za ta je a samu mai raka ta. Ni na ɗauki rakiyar farko.